Abin da Ke Cikin Mazurari

Ramlat, matar ɗana, ta saki wayar mijinta cikin bokitin wanki.

Haka aka gaya mini. Ni ina Batsari, ita tana Safana gidan iyayenta, tana takaba da tsohon ciki. Uwarta ta tsamo wayar ta cusa cikin buhun shinkafa, wai shinkafa na shan ruwa. Da aka fito da ita ta kama, ta mutu, ta sake kamawa. Fuskar wayar ta yi dishi-dishi, bayanta ya kumbura. Sai aka aiko a kira ni.

Mijin nata ɗana ne na fari. Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, haka muka tarar ana yi. Zan rubuta shi sau ɗaya saboda mai karatu: Nu'uman. Shi ne ladanin masallacinmu a Ruma. 'Yan bindiga suka same shi a gona da kaka. Ba ni da abin ƙarawa a kan wannan. Bayan jana'iza muka baro Ruma, ni da uwarsa, aka ara mana ɗaki a Batsari.

Na hau babur na je Safana. Surukina Malam Sharhabilu, mahaifin Ramlat, ya shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida. Muka gaisa, muka sake yi wa juna gaisuwar rashi. Ramlat tana cikin ɗaki bayan labule. Ta yi wa uwarta magana, uwar ta faɗa mini.

Wai a cikin wayar akwai kiran sallar yaron. Ya ɗauki muryarsa wata asuba don ya ji inda yake kuskure. Sau ɗaya ya ɗauka. Tun da aka binne shi take kunnawa ta ɗora a kan cikinta. So take in ta sauka, a sa wa jaririn a kunne.

Na ce, "Kiran salla a kunnen jikana ni zan yi. Ba waya ba."

Sai na ji muryarta daga bayan labule. Tun da aka kawo ta gidana ba ta taɓa yi mini magana baki da baki ba.

Ta ce, "Baba, ku yi naku. Amma ina so ya ji na ubansa."

Na dubi Malam. Ya ce bai ga laifi a ciki ba.

Na ce a ba ni wayar.

Masu gyara na Safana sun riga sun duba. Sun ce ta gama aiki, kuma abin da ke ciki ba a kan kati yake ba, a jikinta yake. Wani ya ce in gwada Mahfuza, mai shagon kwamfuta a kasuwar Batsari. Ungozoma kuwa ta ce haihuwa ko yau ko gobe. Na naɗe wayar a tsumma na sa a aljihun gaba. Na ce wa mai babur ɗin da ya kawo ni, Yero, ya mai da ni Batsari, ya jira, ya sake dawo da ni.

Yero ya ce, "Baba, in dai kafin la'asar ne. Bayan la'asar ko ubana ba na ɗauka a wannan hanya."

Na ce na ji.

Shagon Mahfuza yana jikin masallacin kasuwa. Ɗaki ne ƙarami, tebur ɗaya, benci ɗaya, da farin kyalle a bango inda take ɗaukar hoton fasfo. Mace ce babba, da aurenta da 'ya'yanta, ta yi karatun kwamfuta a Katsina. Mun isa an idar da azahar. Ta rusuna ta gaishe ni, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya. Na kwance tsumman na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta juya wayar. Ta shinshina ta.

Ta ce, "Baba, zan faɗa muku gaskiya. Wannan in ta tashi, ina jin tashin ƙarshe ne. Ba zan tsaya neman murya ɗaya ba, don ban san inda take ba. Duk abin da ke ciki zan kwashe in zuba muku a katin memori. A nema daga baya."

Na ce, "Yi abin da ake yi."

Ta leƙa waje ta kira wani Kamilu ya tayar da janareto. Wutar gari ta daɗe ba ta zo unguwar ba. Janareton na masallaci ne, 'yan kasuwa suka haɗu suka saya saboda lasifika. Kamilu ke kula da shi. Tsakanin salla da salla yakan ara wa shago ɗaya wuta, in lokaci ya yi ya zare kebul ɗin shagon ya mayar da na masallaci. Ƙaramin inji ne, ba ya ɗaukar biyu. Wannan duk a lokacin ban sani ba. Da na sani da ban bari an fara ba sai bayan la'asar.

Injin ya tashi. Kwamfutar ta haska. Tsohuwa ce, akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur, tana gurnani. Mahfuza ta ɗauko wani ɗan kati da bai kai farcen babban yatsana ba, ta zura shi cikin wani ɗan gida mai fitila, ta soka a jikin akwatin. Ta haɗa wayar da kebul. Ta yi bisimilla ta danna.

Shiru.

Ta sake dannawa, ta riƙe. Na ga leɓenta na motsi. Can wayar ta yi ɗan haske kamar ashana a iska.

Ta ce, "Ta kama. Kada kowa ya taɓa tebur."

Ba kowa a ɗakin sai ni. Na janye gwiwata.

Wani kore-koren layi ya fito a fuskar kwamfutar yana tafiya daga hagu zuwa dama. Ta ce in ya kai ƙarshe an kwashe. Na zuba masa ido. Yakan yi sauri, ya tsaya, ya ci gaba. Wayar ta ɗauki zafi har Mahfuza ta ɗauko murfin kwano tana yi mata fifita. Na karɓi murfin. Ban taɓa yi wa mutum fifita ba a rayuwata, ranar na yi wa waya.

Yero ya leƙo ya ce, "Baba, rana fa na tafiya."

Na ce, "Ina da ido."

Layin ya kai ƙarshe. Wani rubutu ya fito. Mahfuza ta ce ya ce an gama. Ba ta rufe baki ba wayar ta yi baƙi. Wani wari ya tashi kamar an ƙona roba. Ta danna, ta sake dannawa, ta zare kebul ta mayar. Ta girgiza kai.

Ta ce, "Ta tafi kenan. Amma ta sauke kayanta."

Na ce alhamdu lillahi. Na miƙe, na kai hannu zan zare katin.

Ta kifa tafinta a kai. Da sauri ta yi, har kujerarta ta faɗi.

"Baba, don girman Allah kada ku taɓa!"

Na tsaya. Ba a saba yi mini tsawa ba, balle mace, balle sa'ar 'yata.

Na ce, "Ke kika ce an gama."

"Kwamfutar ce ta ce. Ba ta gama ba."

"To ƙarya take yi?"

Ta ɗaga kujerar ta zauna. Ta sassauta murya.

Ta ce, "Ku yi haƙuri, Baba. Kun san mai sayar da man gyaɗa, in za ta zuba a kwalba? Mazurari take sawa. Ta juye kwano gaba ɗaya. Kwano ya zama wayam, amma man bai shiga kwalba ba. Yana cikin mazurari yana sauka kaɗan-kaɗan, don bakin kwalba ƙarami ne."

Na ce na sani.

"To haka take. A can cikinta akwai wanda ke tafiyar da komai, shi ne kamar mai gidan." Ta faɗi sunansa da Turanci, ban riƙe ba. "In an ba shi kaya a kai wa kati, ba ya son ya tsayar da mutum. Sai ya karɓe ya riƙe a kansa, ya ce an gama. Daga baya yake zubawa a hankali. Wannan katin kuma mai arha ne, bakinsa ƙarami. Kun ga fitilar nan da ke ƙiftawa? Muddin tana ƙiftawa, zuba ake yi."

Na dubi fitilar. Ja ce, ƙarama. Tana ƙiftawa.

Na ce, "In aka zare?"

"Abin da bai sauka ba ya zube. Wani lokaci har wanda ya sauka ya lalace."

"Sai a sake kwasowa."

Ta dubi wayar. Ni ma na dube ta.

Na koma na zauna.

Na tambaye ta ko ita kwamfutar ba ta da inda take ajiya. Ta ce tana da shi a da, ya mutu tun bara, yanzu lallaɓa ta take yi. Duk abin da ta riƙe, a ka take riƙe shi. Kuma kan nata ba ya riƙe komai sai da wuta. In wuta ta ɗauke ko na ƙiftawar ido ne, ta manta.

Na gane. Muryar yaron ba ta cikin waya, ba ta gama shiga kati ba. Tana tsakani, kuma abin da ya riƙe ta shi ne injin nan da ke ɓaɓatu a bayan shago.

Na san irin wannan. Shekarar da muka baro Ruma dawata ta yi kyau. An yanke, an ɗaure, an jera dammuna a bakin gona. Kowa na yi mini barka. Ko dami ɗaya bai shiga rumbu ba.

Mahfuza ta buɗe wani baƙin allo a fuskar kwamfutar, ta buga 'yar gajeriyar kalma, ta danna. Ta ce umarni ne ta ba mai gidan: ya bar jinkiri, ya zuba duk abin da ya riƙe yanzu, kuma kada ya amsa mata sai ya gama. Ta ce in ya amsa, sabon layi zai fito a ƙasa. Sannan ta fito da wata lamba a gefe. Karatun boko ban yi nisa ba, amma lamba na sani. Doguwa ce. Ta ce shi ne abin da ya rage a mazurari.

Lambar na raguwa. Ba da sauri ba.

Na ce, "Zai kai yaushe?"

"Ban sani ba, Baba. Katin ne ke da iko."

Muka zauna. Zufa na bin bayana. A waje mahauta na sara, wani na cinikin akuya. Ni ba na ganin komai sai jar fitila da lamba. In lambar ta tsaya sai in ji numfashina ya tsaya. In ta motsa in sake shi.

Ana haka Kamilu ya leƙo. Dogo ne, da tsumman goge hannu a kafaɗa.

Ya ce, "Hajiya Kwamfuta, a fara tattarawa. La'asar ta kawo kai."

Mahfuza ta dubi agogon bango. Na ga fuskarta ta sauya.

Ta ce, "Kamilu, yau ka taimake ni. Kada ka zare."

"Kullum haka kike cewa. Jiya ma wai saura shafi ɗaya."

"Yau ba shafi ba ne."

Ta gaya masa. Ya cire hula ya sosa kai, ya gaishe ni, ya yi mini ta'aziyya. Mutum ne mai ladabi, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba.

Ya ce, "Wallahi Baba na tausaya. Amma injin ba nawa ba ne. Amana aka ba ni. Sharaɗin da aka kafa mini guda ne, kada lokacin salla ya yi lasifika ba wuta. In na saɓa, gobe ba shagon da zai ƙara ganin wutar nan, har da nata."

Na ce, "A haɗa biyun."

"An taɓa gwadawa. Nan take ya mutu."

"A kawo wani injin."

Mahfuza ta ce, "Ko an kawo sai an zare wannan kafin a soka wancan. Tsakanin nan ya isa."

Kamilu ya matso ya leƙa fuskar kwamfutar. Ya ce, "To ai ga kayan nan jere, ina ganinsu. Hajiya, ba kin ce katin ne wannan ba? Buɗe ɗaya mu gani. In ya buɗe ai ya shiga."

"Zai buɗe. Ba daga kati zai ɗauko ba, daga kansa zai ɗauko."

"Ke dai buɗe. In kin dace da muryar ma sai in ɗauka da wayata, kowa ya huta."

Wannan shawara ce mai kyau. Na ce ta gwada.

Abubuwan ba su da suna, lambobi ne kawai, sun fi a ƙirga. Ta danna ɗaya. Kwamfutar ta daɗe tana tunani, sannan ta nuna hoton tunkiya. Ta danna wani, wa'azin wani malami. Wani, hoton gonar gero, rabinsa yatsa ya rufe. Kowanne sai an jira.

Ta danna wani. Aka ji iska, aka ji kukan kaza. Sai murya ta ce, "Ramlat, ki ce wa Baba na ɗaure tumakin. Kada ya fito, rana ta yi zafi."

Shi ke nan. Ya ƙare.

Na dubi bango. Akwai wata tsaga a jikinsa daga sama har ƙasa, na bi ta da ido.

Kamilu ya ce a hankali, "Shi ne?"

Na ce, "Shi ne."

"To Baba ai kun ji da kunnenku. Yana ciki."

Mahfuza ta nuna lambar. Tun da ta fara buɗe-buɗen nan ba ta ragu da abin kirki ba.

Ta ce, "Duk abin da na buɗe ina raba masa hankali ne. In na ci gaba da nema, zubar za ta ƙara jinkiri, kuma ba lalle in dace ba. Baba, ku zaɓa. In nema, ko in bar shi ya zuba?"

Na ce, "Wanda muka ji yanzu, ya sauka ko bai sauka ba?"

"Ban sani ba. Ba a jere yake zubawa ba."

"Bar shi ya zuba."

Ta ɗauke hannunta ta ɗora a cinya.

Kamilu ya ce zai ja lokaci iyakar iyawarsa, amma in ladan Baba Mani ya fito, shi ba shi da ta cewa. Ya fita.

Yero ya shigo. Bai zauna ba.

Ya ce, "Baba, inuwa ta juya. Ni zan kama hanya. In za ku, ku taso."

Na dubi lambar. Ta ragu, amma da saura.

Ya ce, "A zare abin nan mana. Abin da ya samu ya samu. In matar nan ta sauka yau, wa zai yi wa jariri kiran salla?"

Tambayar ta shige ni. Jikana na fari ta wurin ɗana na fari. Tun da aka ce tana da ciki nake tanadin wannan. In na kwana a Batsari, Malam Sharhabilu zai yi. Malami ne, ya fi ni iya faɗa. Amma ba shi ya haifi uban ba.

Na ce, "Ka biya gidan Malam. Ka ce in ta sauka ya yi abin da ya kamata. Ka ce ina tafe gobe."

"In ce kun samo?"

"Ka ce ina tafe."

Ya tafi. Na ji tashin babur ɗinsa har ya ɓace.

Sai injin ya yi tari.

Fuskar kwamfutar ta yi rawa. Mahfuza ta dafe ƙirji ta ce innalillahi. Injin ya sake tari, ya kama, ya ci gaba. Fitilar tana nan tana ƙiftawa.

Na ɗauki sandata na fita na zaga bayan shago. Injin yana ƙasa a kan bulo biyu, cikin wani ɗan keji na ƙarfe da aka buɗe ƙofarsa. Kebul ɗaya ya fito daga jikinsa ya shiga tagar Mahfuza. Wani kebul ɗin, na masallaci, yana rataye a ƙusa yana jira. Kamilu na tsugune yana tsiyaya mai daga galan.

Ya ce, "Datti ne a man. Ba zai mutu ba, in sha Allahu."

Na ga wani kututture a gefe. Na jawo shi bakin kejin na zauna. Hayaƙi na dukan fuskata. Ban matsa ba.

Kamilu ya dube ni. Ya ce, "Baba, wurin nan da zafi. Ku koma ciki."

Na ce, "Nan ya yi mini."

Ta taga ina hango Mahfuza. Ba ta motsi. Na tambaye ta, na jima na sake ce mata, "Saura nawa?"

"Saura kaɗan."

"Ɗazu ma haka kika ce."

"Ya fi na ɗazu kaɗan, Baba."

Mutane sun fara alwala a bakin rijiyar masallaci. Na ga wani tsoho ya fito daga rumfar masu goro yana gyara rawani. Mani ne, ladanin kasuwa. Sa'ana ne. Tare aka yi mana kaciya a Ruma kafin iyayensa su dawo gari. Ya shiga masallaci. Na ji shi yana ƙwanƙwasa abin magana da yatsa. Ba ƙara. Ya sake. Sai ga shi ya zagayo yana faɗa tun daga nesa.

"Kamilu! Barci kake yi ko aure aka ɗaura maka? Ina wuta?"

Ya gan ni ya tsaya.

"A'a. Ya'u? Kai ne a nan kamar mai gadin inji? Tsufa ya kai ka neman aiki?"

Na ce, "Ni ne. Ina wuni."

"Lafiya lau. Tashi yaro ya yi aikinsa."

Kamilu ya yi masa bayani, yana yi yana kallon ƙasa. Mani ya saurara. Ya san yaron nawa. Shi ya fara koya masa jan murya lokacin da yake zuwa cin kasuwa da ni.

Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Murya ce da shi, ba irin tawa ba." Sannan ya ce, "Amma Ya'u, lokaci ya shiga. Kai ne yau za ka hana kiran salla?"

"Ban hana ba. Bakinka na nan."

"Bakina? Da haƙora nawa? Muryata ko rumfar mahauta ba ta kaiwa."

"Mun yi shekaru muna salla ba lasifika."

"Lokacin ba a ɗaukar mutane a gona. Ka sani sarai, masu aiki a bayan gari da wannan kiran suke tashi su taho gida. In ba su ji ba fa?"

Wannan ma gaskiya ce. Na san abin da yamma ke yi wa mutum a gona, ba wanda zai gaya mini.

Na ce, "Akwai masallacin Juma'a, akwai na bakin tasha. Duk suna da lasifika. Kuma manomin da bai san la'asar da inuwarsa ba, ba manomi ba ne."

"Kai dai har ka mutu ba za ka sauya ba."

"Ban ce zan sauya ba."

Masu alwala suka fara taruwa. Wani mahauci ya ce me ake jira. Aka gaya masa. Ya ce, "Saboda waya? Haba dattijo!" Wani ya ce a bar tsoho, ɗansa aka kashe. Wani ya ce wa ba a kashe wa ba. Wani daga baya ya ce wannan bidi'a ce ma, sa wa jariri rikoda a kunne. Ban juya na ga ko wane ne ba.

Ban taɓa tsayawa tsakanin mutane da sallarsu ba. Sahun farko nake tun ina saurayi. Na ji idanunsu a kaina kamar an ɗora mini dutse. Na ƙara matse sandata.

Na ce ta taga, "Ya amsa?"

Mahfuza ta ce, "Bai amsa ba."

"Fitilar fa?"

"Tana ƙiftawa."

Can daga bakin tasha aka ɗaga kiran salla. Na Juma'a ya biyo. Masallacin kasuwa ne kaɗai shiru.

Mani ya ce, "Ka ji? An riga mu. Tun da aka sa lasifikar nan ba a taɓa riga mu ba." Ya juya ga Kamilu. "Kai, amana aka ba ka ko ba a ba ka ba?"

Kamilu ya ce, "An ba ni, Baba."

"To?"

Ya sauke kebul ɗin masallaci daga ƙusa. Ya zo gabana ya durƙusa har ƙasa. Idonsa ya yi ja, ko hayaƙi ne ko wani abu ban sani ba.

Ya ce, "Baba, ku gafarce ni. Ba yadda zan yi. Ku ɗan matsa."

Ya miƙa hannu wajen kebul ɗin shago.

Na gitta sandata a bakin kejin, na taka kebul ɗin da ƙafar dama.

Mani ya ce, "Ya'u, don Allah ɗaga ƙafarka."

Na ce, "Ba zan ɗaga ba."